Gidan Yaya Lyle a Kan Jan Ƙarfe

Yaya Alden ya kira ni a waya ana saura kwanaki a yi bikin, ko gaisuwar kirki bai yi ba ya ce, "Doreen, don Allah ki taimake ni kada Lyle ya zo ranar Lahadi."

Na ajiye kofin da ke hannuna. Na ce, "To fa! Bikin cikarka shekara hamsin a sana'a, ka ce yayanka uwa ɗaya uba ɗaya kada ya zo? Me ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba. Yarinyar nan ta gidan baje kolin ce ta rataye hotunan Tudun, duka biyar ɗin, a jere."

Na gane abin da yake nufi, kuma ban ji daɗin ganewar ba.

Mu uku ne a gidanmu, 'ya'yan Vosburg na yammacin Iowa, inda tuddai ke gangarawa zuwa kogin Missouri. Yaya Lyle ne babba, shi ya tsaya wa shanu da masara. Yaya Alden na tsakiya, shi ya tafi Chicago koyon zane, ya koyar a kwaleji, ya dawo da gemu da suna. Ni ce auta, kuma tun ina 'yar firit ni suke aika wa juna da duk maganar da suke jin nauyin faɗa da bakinsu. Na tsufa, na yi ritaya daga gidan waya, amma wannan aikin har yau ba su sallame ni ba.

Alden ba da fenti yake zane ba. Allon jan ƙarfe yake shafe wa kakin zuma, ya zana da allura, ya tsoma shi a asid har asid ya ci layukan. Sannan ya cusa tawada cikin layukan, ya goge saman da tafin hannunsa, ya ɗora takarda mai laima, ya murza a inji. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin farcensa fari ba. Kuma hoton a juye yake fitowa, hagu ya koma dama. Lyle ya daɗe yana tsokanarsa da wannan. Yakan ce, "Mu dai a gonarmu daga gabas rana take fitowa, amma ta ɗan boko daga yamma take ɓullowa."

Masu wannan sana'a ba sa gama allo a zama ɗaya. Su buga, su ƙura ido, su koma su ƙara wani abu ko su kankare wani, su sake bugawa. Kowane bugu zubi ne, kuma sukan adana guda daga kowane zubi. Tudun, hoton da ya yi wa Alden suna, zubi biyar gare shi. Na biyar duniya ta sani: ciyawa tana kwance wa iska, tsohuwar bishiya guda, sararin sama fetal. Yana kan kalandar banki, yana ɗakin jiran likitan haƙori, an ce har a New York akwai shi. Huɗun farko kuwa suna cikin aljihun tebur a ɗakin aikinsa, ni kaɗai na taɓa ganinsu, shi ma don na je share masa ɗakin ne lokacin da matarsa ta rasu.

A zubin farko akwai gidan Lyle. Shekarun da gonaki suka riƙa kuɓuce wa mutane, tamu ma ta tafi, sai ɗan fili a kan tudun. Nan Lyle ya jawo dogon gidan kwano mai taya, irin wanda mota ke ja, ya girke shi, bai sake motsawa ba. Alden ya zana shi tsaf: igiyar shanya da wanduna, matacciyar a-kori-kura a kan bulo, karensa Pepper kwance a bakin ƙofa. A zubi na biyu babu motar. A na uku babu kare, babu shanya. A na huɗu gidan ya zama wata inuwa-inuwa a cikin ciyawa. A na biyar babu komai. Da hoton ya yi suna, Alden ya ce wa Lyle tudun ne kamar yadda yake lokacin muna yara, kafin a kawo gidan. Lyle ya ce madalla, ya rataye kalandar a kicin.

Na ce a wayar, "Me ya sa ka ba ta su?"

"Ta zo ɗaukar hotuna ta buɗe aljihun. Ta ce wannan ne zai nuna wa mutane yadda nake tace zane har ya yi tsabta. Doreen, ta yi ta yabo, na kasa cewa a'a."

"Tsabta," na ce. "Wato Yaya Lyle ne dattin."

"Haba Doreen. Gidan yana karya layin tudun ne kawai."

"Layin tudu! Ka je ka faɗa masa da kanka mana."

Amma ni ɗin dai na je. Ranar Asabar na hau tudun da kek ɗin tuffa a kujerar baya, ina ta shirya ƙarya a raina. Gidan na nan, kwanon ya yi tsatsa ta gefen arewa, an toshe taga ɗaya da katako. Motar ta daɗe da tafiya wurin 'yan gwangwan, Pepper ya mutu tun tuni, amma igiyar shanyar tana nan. Na tarar da kwat ɗinsa na zuwa jana'iza a kanta, yana shan iska. Ya yi aski, har wanzamin ya ɗan yanke shi a bayan kunne.

Na ce, "Yaya, an ce gobe hanyar Omaha, inda za a yi bikin, za ta yi santsin ƙanƙara."

"An zuba wa titin gishiri ya narka ta, na ji a rediyo."

"Kuma ka san irin taron nan, tsayuwa ce zalla. Mutane riƙe da giya da ɗan cuku kamar na tarkon ɓera, suna magana ta hanci. Ƙafarka ba za ta ɗauka ba."

"Ina da sanda."

"Ba wurin ajiye mota."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke auta, ke za ki tuƙa ko ni? Ki zo bayan an tashi coci ki ɗauke ni. Ƙanena ake karramawa." Ya yanka kek ɗin, ya ba ni babban yankin. Wallahi kunyar kaina ta kama ni, mace da jikoki tana yi wa tsoho ƙarya a kicin ɗinsa.

Na sauko na kira Alden na ce abu bai yiwu ba. Ya ce to in riƙe shi a zauren gaba inda abinci yake, kada in bari ya shiga dogon ɗakin. Na ce ni ba makiyayiya ba ce, amma zan gwada.

Ranar Lahadi da rana muka isa gidan baje kolin. An rubuta sunan Alden a ƙyalle mai tsawon bene. Lyle ya tsaya a ƙasa ya karanta shi da ƙarfi, harafi-harafi, don kunnensa na hagu ya mutu, bai san iyakar muryarsa ba. A ciki Alden ya taho ya rungume shi, yana kallona ta kan kafaɗarsa. Mai kula da baje kolin ta zo ta gaishe mu, wata Madam Lindqvist, yarinya mai fara'a wadda ba ta san komai a kan gidanmu ba, kuma ba ta da laifin kowa.

Na zaunar da Lyle kusa da teburin abinci, na cika masa faranti. Na nuna masa hotunan zauren gaba ɗaya bayan ɗaya, kogi a lokacin ambaliya, rumbunan masara, layin dogo cikin dusar ƙanƙara, ina jan zance kamar mai tallar magani. Ya yi ta gyaɗa kai. Can ya ce zai kewaya. Na nuna masa hanya, na tsaya jira, sai wata tsohuwar ɗalibar Alden ta tare ni da labarin gwiwarta. Da na waiga, ba Lyle.

Dogon ɗakin ƙofa biyu gare shi. Ta gaba akwai kibiya da ke nuna inda za a fara, ta baya kuma kusa da banɗaki take. Na kutsa cikin mutane na shiga, sai na hango shi can ƙarshen ɗakin, ya shigo ta bayan, yana dogara sanda a gaban zubi na biyar. Babu tabarau a fuskarsa.

"Ga tudunmu!" ya ce, duk ɗakin ya ji. "Irin na kicin ɗina."

Na kama hannunsa. "Yaya, zo mu koma, za a fara jawabi."

Ya zame hannun, ya matsa gaba zuwa na huɗu. Ya kai fuskarsa kusa da gilashin. "Af, wannan kuma fa? Kamar wani abu na tasowa a cikin ciyawa."

Ya matsa zuwa na uku. "Kai! Doreen, gidana ne! Ga ƙofar, ga bututun hayaƙi!"

Mutanen da suka biyo kibiya suna tahowa ta ɗaya ɓangaren, su ma sun ga abin da ya faru da gidan, amma ta hanyar da ta dace. Suka fara ja da baya suna ba shi wuri. A ƙarƙashin kowane hoto akwai 'yar takarda ɗauke da shekarar da aka yi shi, manya-manyan lambobi, ko yaro zai karanta. Ni dai ina tsaye, fuskata ta ɗau zafi.

A gaban na biyu ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. "Pepper! Ɗan banzan kare, ga shi kwance inda ya saba. Har da wandona a igiya! Jama'a ku gafarce ni, ba a gaya mini za a baje wandona a Omaha ba." Wata mata ta yi dariya, ta yi sauri ta rufe baki.

A gaban na farko bai yi dariya ba. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya daɗe yana kallon motar nan a kan bulo. Sannan ya juya ya ƙwala kira, "Alden! Ina ƙanen nan nawa?"

Alden yana bakin ƙofar gaba, riƙe da kofin ruwa. Mutane suka buɗe masa hanya, ba yadda zai yi, ya tako.

Lyle ya dafa kafaɗarsa. "Ashe haka ka yi? Ka fara da tudu ba kowa, ka yi ta ƙara ni kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, ba ka taɓa faɗa mini ba? Har kare ba ka manta ba. Ni da nake cewa yaron nan kunyar gidana yake ji, shi ya sa ba ya hawowa shan kofi. Allah ya yafe mini zargin da na yi maka."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da ta Alden ta yi ba. Wuyansa ya yi ja har kunnuwa, bakinsa ya buɗe ya rufe. Madam Lindqvist, baiwar Allah, ta matso da murmushi ta ce, "Ai ranka ya daɗe, a gaskiya jerin daga can ya..." Na ɗora dugadugina a kan yatsunta na danna. Ta dube ni, ta dubi Alden, ta dubi tsohon da hula a ƙirji, murmushin ya gudu. Wani mutum mai jan gyale ya shiga nazarin takalminsa.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma akwai kashe allo a cikin shirin ranar. Al'adarsu ce: idan an gama buga adadin da aka yi alkawari, mai zanen ya ja layi mai zurfi ya ratsa allon, don kada wani ya sake bugawa bayan ransa. Alden ya yi alkawarin kashe allon Tudun a gaban jama'a, ya bar wa gidan baje kolin. An buga a takardar gayyata, masu ɗaukar hoto sun zo dominsa. Madam Lindqvist ta raɗa masa ko a ɗage, ya girgiza kai kamar wanda bai ji tambayar ba.

Aka kawo allon a kan baƙin ƙyalle, aka ajiye a tebur a ƙarƙashin fitila. Allo ɗaya ne tak, shi ya haifi duka biyar ɗin, kuma abin da ke kansa yanzu shi ne na ƙarshe. Ciyawa, bishiya, sama. A gefen tudun, inda aka kankare aka murje, ƙarfen ya ɗan lotsa, yana ƙyalli fiye da sauran wurin, girman babban yatsa. Na yi ƙoƙarin jan Lyle baya, ya ce shi a gaba zai tsaya, ai ƙanensa ne. Ya tsaya daf da teburin, ya sunkuya ya dubi allon. Na jira ya tambayi ina gidan, bai tambaya ba.

Aka miƙa wa Alden tsinken ƙarfe. Hannunsa ya daɗe da fara rawa, shekarun nan ko sunansa da fensir da ƙyar yake sa wa a ƙasan hoto, balle ya sake zana gida da allura. Ya riƙe tsinken da hannu biyu. Na ga ya ɗago ya dubi Lyle, na ce a raina yanzu zai ajiye, yanzu zai yi magana. Amma mutane sun ɗaga wayoyi, fitila na kansa. Ya sunkuyar da kai ya ja layin daga kusurwa zuwa kusurwa, ƙarfen ya yi ƙara mai sa haƙori tsami. Aka yi tafi. Lyle ya rataye sandarsa a hannu, shi ma ya tafa.

Bai jira jawabi ba, ya ce ƙafarsa ta gaji. Na riƙe shi muka fita wurin motoci, sanyi na yanka fuska. Na buɗe masa ƙofa ke nan muka ji gudu a bayanmu. Alden ne, ba kwat ba hula, tsinken ƙarfen har yanzu yana hannunsa, yana haki.

"Yaya," ya ce. Rabon da in ji ya kira shi haka tun kafin ya tafi Chicago. "Yaya, tsaya. Ba haka abin yake ba. Hotunan nan, ba daga nan aka..."

Lyle ya zura hannu a aljihun ƙirjinsa, ya zaro tabarau, ya goge shi da gefen kwat, ya saka. "Na iya karanta shekara, Alden. Ko ba wannan ma ina ganin manyan lambobi."

Alden ya tsaya cak.

"Ka manta wa yake sauko maka da kofi lokacin da kake zaune a kan shinge kana zana shi? Damina guda cur. Na ga gidana a kan ƙarfen nan da idona, har na ce maka ka ƙara wa Pepper jela. Ranar da ka kawo mini kalanda ka ce tudun yarintarmu ne, na ce madalla. Me kake so in ce?"

"To don me ka..." Alden ya matso kusa da motar. "A gaban mutane, don me ka gode mini?"

"Ban san ka ajiye sauran ba sai yau. Da na leƙa ta ƙofar gaba na ga inda kibiya ta nuna, na ga abin da zan gani in na bi ta. Ba kai ka ce a sana'arku komai a juye yake fitowa ba? Sai na zagaya." Ya gyara hularsa. "Na so in ga yadda abin zai kasance ne a ce saka ni aka yi, ba cire ni ba. Kuma wallahi ya yi kyau. Ka iya zane, ba a taɓa cewa ba ka iya ba."

Alden ya sa bayan hannu ya rufe idonsa, kafaɗunsa suna motsi. Tsoho mai furfura, sunansa a ƙyalle a bayansa, yana kuka a wurin ajiye motoci. Na kawar da kai, don ni ma ba ni da bakin magana, jiya-jiya nake kicin ɗin mutumin nan ina masa zancen santsin hanya. Lyle ya dube ni ya ce, "Ke ma auta, ƙaryarki ba ta da gishiri, ki daina." Na ce to, Yaya.

Ya shiga mota da ƙyar, ya jawo ƙafar mai ciwon da hannu, ya ɗora sandar a cinya. Na zagaya na tayar da injin. Alden bai motsa ba. Lyle ya sauke gilashi.

"Koma ciki, sanyi zai kama ka, mutanenka na jira." Ya ƙara da cewa, "Gidan yana nan inda ka gan shi. In ka tashi zuwa, daga titi yana hannun dama, kada ka neme shi a hagu."

Ya ɗaga gilashin, ya ce in kunna masa hita. Na ja motar, ina ganin Alden a madubi yana tsaye da tsinken a hannunsa har muka sha kwana.